Layin Naliaka a Wayar Makokha

Ranar Litinin da hantsi Naliaka na tsaye a kan tukunyar githeri, tana juya masara da wake na yara ɗari biyu da wani abu, hayaƙin ɗanyen itace na cin idonta, sai wayarta ta hau ƙara a aljihun rigar aiki. 'Yar ƙaramar waya ce mai madannai, irin wadda mutanen Eldoret ke tsokana da suna haska-ɓarawo, don ban da kira da saƙo da tocila ba abin da ta iya. Ta goge hannu ta ɗauka.

"Ke ce Beatrice Naliaka?" Muryar namiji ce, ba gaisuwa ba komai.

"Ni ce. Wa ke magana?"

"To ɓarauniya, yau kwana goma sha biyu da cikar wa'adinki. Shilin dubu huɗun da kika karɓa a Kibeti sun zama dubu tara da ɗari shida. Nan da ƙarfe biyu in ban ga kuɗi ba, duk wanda ya san ki sai ya san ko ke wace ce."

"Wane Kibeti kuma? Bawan Allah, ka duba lambar da kyau. Ni tunda nake ban taɓa cin bashin waya ba."

Ya kashe a kunnenta. Ta yi tsaki ta koma kan tukunya, a ranta tana cewa 'yan damfarar nan ba sa gajiya. Shekararta bakwai tana dafa abinci a wannan ƙaramar makarantar kuɗi ta unguwar Langas. Makullin ɗakin ajiyar abinci a wuyanta yake kwana, kuma albarkacin aikin ne 'yarta Nafula ke karatu a rabin kuɗi. Albashin dubu tara ne, bai taka kara ya karya ba, amma da shi ake biyan haya, da shi ake cin ugali, tuwon masararsu, a gidan.

Ƙarfe biyu da kwata shugabar makarantar, Madam Kosgei, ta aiko a kira ta. Ta same ta a ofis ta sha mur, ta miƙo mata babbar wayarta. Saƙon ya ce Beatrice Naliaka ta ci bashi ta gudu, ta kuma ba da sunan Madam a matsayin mai tsaya mata, don haka ko ta biya ko ta fito da ita.

"Madam, na rantse da Allah ban san su ba," in ji Naliaka. "Dubi wayata. Wannan abar ce za ta shiga yanar gizo ta ciwo bashi?"

Madam ta dubi wayar, ta dube ta. "Sau goma sha ɗaya suka kira ni tun ɗazu. Ni na san ki, Naliaka. Amma ki je ki kashe wutar nan tun ba ta kama makaranta ba."

Da yamma ta ba mijinta labari. Makokha ɗan acaɓa ne, dogo, mai fara'a a waje, irin mutanen da ko'ina suka zauna sai an yi dariya. Yana kishingiɗe yana latsa wayarsa mai faɗi, ko kai bai ɗago ba.

"Share su, Maman Nafula. 'Yan damfara ne. Ki daina ɗauka kawai."

Ta daina ɗauka. Kafin ta gama wanke kwanuka kira talatin da huɗu ya shigo, kowanne da lambarsa daban.

Washegari Talata, ta dawo daga aiki ke nan ko takalmi ba ta cire ba, maƙwabciyarsu Maman Kevo ta taso mata a tsakar gidan haya, ɗankwali a ɗaure a ƙugu, waya a hannu kamar za ta jefe ta da ita.

"Sannu uwar kirki! Ni za ki ci wa mutunci? Shekara biyar ina ara miki gishiri da gawayi, ashe sunan da kika raɗa mini ke nan?"

"Me na yi, Maman Kevo?"

"Karanta! Ai kin yi makaranta."

Irin saƙon Madam ne sak, sai dai farkonsa. Mutanen bashin ba su san kowa ba. Sunayen da suka tarar a cikin waya da na kan layi suke kwashewa, kuma yadda aka ajiye sunan mutum haka suke kiransa da shi. Wannan saƙon ya fara da cewa: Zuwa ga Rediyon Langas.

Matan gidan da suka fito kallo suka kwashe da dariya, wata har da riƙe ciki. Naliaka ba ta yi dariya ba. Ta ciro 'yar wayarta ta nuna wa matar yadda ta ajiye sunanta, Maman Kevo, ba ƙari. A duk duniya mutum ɗaya ne ke kiran matar nan Rediyon Langas, kuma a cikin ɗaki yake faɗa, in ya ji muryarta ta taga ya ce an kunna labaran yamma.

Ta jira shi har ya shigo da babur. Ta aiki Nafula sayen madara, ta rufe ƙofa.

"Baban Nafula, yaushe ka cire layina ka sa a wayarka?"

"Wane irin zance ne wannan? Mutum ya dawo a gajiye..."

"Rediyon Langas. Wa ya ajiye sunan Maman Kevo haka? Hoton da ka ɗauke ni ina riƙe da katin shaidata wancan watan, ka ce na takardar tallafin karatun Nafula ne, ina takardar?"

Ya sosa ƙeya, ya zauna, ya tashi. Can sai borin kunya ya zo.

"To na ji, ni ne. Sai me? Sata na yi? Kuɗin matata ne da sunan matata. Nawa layin sun rufe shi tun bara, ba mai ba ni ko sisi. Wasan ƙwallo biyar na haɗa, huɗu sun ci, na biyar ɗin a minti na ƙarshe alƙalin wasa ya cuce ni. Da ya ci, da yanzu kina nan kina rawa a kan dubu tamanin."

"Caca ka yi da sunana."

"Don gidan nan na yi! Ke kullum sai ki mai da ƙaramin abu babba. Zan biya. Ki ba ni mako ɗaya."

Abin da ya fi ƙona mata rai bai wuce yadda ya ci tuwonsa a daren ya ƙoshi, ya nemi ƙari ba. Ita ko loma ɗaya ta kasa haɗiyewa.

Ranar Laraba suka sako hoton. Hoton nan ne da take murmushi riƙe da katin shaida, sun yi masa baƙin zobe, sun rubuta a ƙasa cewa Beatrice Naliaka ta rasu da bashi a kanta, ana neman gudummawar binne ta a wannan lamba. Ya shiga wayar malamai, ya shiga wayar limamin cocinsu, ya shiga ta mai kawo wa makaranta wake. Yayarta ta kira daga Kitale tana kuka, da ta ji muryarta sai ta ƙara ƙarfin kukan. Wasu iyaye biyu suka zo har ofis suna tambaya ko wadda ake yawo da hotonta ce ke riƙe da abincin 'ya'yansu.

Madam Kosgei ba muguwa ba ce, amma makarantar kuɗi da bakin iyaye take rayuwa. Ta ce, "Masu makarantar sun yi magana. Zuwa Juma'a ƙarfe goma sha biyu ki kawo mini ɗaya daga cikin biyu. Ko shaidar an biya, ko takardar hukuma da ke nuna ba ke kika ci ba. In babu, ki ajiye mini makulli. Kada ki ga laifina."

Daga nan ta zarce ofishin coci, inda Mista Onyancha, tsohon magatakardan kotu, ke zama duk Laraba yana ba mutane shawara kyauta. Tsoho ne mai farin gashi da tabarau mai kauri. Ya saurare ta tsaf, sannan ya buɗe wani dogon jeri a kwamfuta yana bin sa da yatsa.

"Wannan jerin kamfanonin da babban banki ya ba lasisin ba da bashi ta waya ne," in ji shi. "Na bi shi sau biyu. Babu Kibeti."

"Ma'ana me, Baba?"

"Ma'ana su kansu a ɓoye suke sana'ar. Ba su da hurumin kiran mutanenki, ba su da hurumin yawo da hotonki, kuma da wuya su iya tsayawa gaban alƙali su ce ga mu. Shi ya sa kika ga sai zagi. Zan rubuta miki ƙorafi biyu, ɗaya zuwa babban banki, ɗaya zuwa ofishin da ke kare bayanan mutane."

Wani sanyi ya ratsa zuciyarta. "To zuwa Juma'a za su ba ni takarda?"

Ya cire tabarau ya murza ido. "'Yata, waɗannan sai a yi wata biyu, uku. Abin da za ki samu kafin Juma'a ɗaya ne. Ki je wurin 'yan sanda ki ba da rahoto cewa an yi amfani da layinki da katinki ba da saninki ba. Za su ba ki lambar rahoto a 'yar takarda mai hatimi. Amma za su tambaye ki wa kike zargi. Kin san shi?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na gane," in ji tsohon. "Kusan duk matan da ke zama a kujerar nan sun san shi."

Ta koma gida ta faɗa wa Makokha komai, har da zancen lasisi, ta ce gobe za ta je caji ofis. Wannan karon ya ɗago kai daga wayar. Ya tashi ya fita waje yana kira.

Ranar Alhamis da la'asar ta dawo ta tarar da surukarta zaune a tsakiyar ɗaki. Tun daga Kimilili tsohuwar ta hawo mota, da kazarta a ƙulle a kwando, tsarabar da ba a taɓa kawo wa Naliaka ba tun da ta haihu. Makokha na rakuɓe a gefe kamar ɗan da aka kama da hannu a tukunya.

"Zauna, 'yata," in ji tsohuwar da taushin murya. "Na ji abin da wannan sakaran ya yi. Na zage shi, tambaye shi. Ko ban zage ka ba?"

"Kin zage ni, Mama."

"To kin ji. Amma 'yan sanda? Uban 'yarki? Ki sa a ɗaure shi a kwance masa ɗamara a gaban mutane saboda dubu huɗu?"

"Mama, ba dubu huɗu ba ne. Aikina ne. Gobe za a karɓe shi."

"Aikin dafa wake! Aiki ai ana samun wani. Miji fa? Shanu tara na sadaki muka kora gidanku, ko kin manta? Tun ranar sunanki da namu suka zama ɗaya. Abin miji na mata ne, abin mata na miji ne. Ni uban wannan ya sayar da akuyata uku ban sani ba, kin ji na kai shi ko'ina? Ga ni nan ban mutu ba."

"An ce na mutu ai, Mama. Da hotona."

Tsohuwar ta yi kamar ba ta ji ba. Makokha ya samu baki. "Kuma ke da kanki kika ce ba su da lasisi. To tunda ba abin da za su iya yi, tashin hankalin na mene ne? Su yi ta haushinsu su gaji."

Naliaka ta dube shi. Shawarar da ta sha tafiya ta samo don ta ceci kanta, ita ce ya ɗauka ya yi matashi da ita.

Tsohuwar ta kamo hannunta ta riƙe gam. "Saurara. Ina da ɗan maraƙi. Yanzu zan koma, gobe da sassafe a kai shi kasuwa, kafin ƙarfe goma kuɗi ya shigo wayarki. Ki biya su, ki kai wa Madam ɗinki shaida. Amma ki yi mini alkawari, a gaban Allah, ƙafarki ba za ta taka caji ofis ba. Ki rufa mana asiri, Allah ya rufa naki."

Wa zai ƙi hannun tsohuwa yana cikin nasa? An raine ta a kan cewa babba ba ya roƙo a mayar da shi. Ta yi alkawari, suka raka tsohuwar tasha.

Ranar Juma'a ta hura wuta tun ƙarfe shida, ta ɗora tukunya, ta ajiye wayar a kan buhun masara inda za ta gan ta. Ƙarfe goma ba komai sai zagin mutanen Kibeti, waɗanda yanzu suka kai kuɗin dubu goma sha ɗaya. Ta kira surukarta, waya a kashe. Ta kira Makokha, ya ce yana ɗauke da fasinja. Ƙarfe sha ɗaya da rabi tsohuwar ta ɗauka.

"Wayyo 'yata, kasuwar yau ba kyau. Wulaƙantaccen kuɗi suka taya. Ai ba na yar da maraƙi a banza ba. Ki ba Madam haƙuri zuwa mako mai zuwa, ai mace ce, za ta gane."

Caji ofis tafiyar minti arba'in ne daga makarantar. Ko da gudu ta tafi, ba za ta dawo kan lokaci ba. Ta tsaya ta gama raba wa yara abinci, aji bayan aji, ta zuba wa Nafula nata kamar kowa. Ta wanke tukunya ta kife. Sannan ta je ofis ta ciro igiyar daga wuyanta ta ajiye makullin a kan tebur.

Madam Kosgei ba ta iya haɗa ido da ita ba. "Da ma ko 'yar takardar 'yan sandan ce kika kawo, da na samu abin nuna musu. Nafula za ta iya ƙarasa zangon nan. Daga na gaba sai cikakken kuɗi."

Haka aka yi. Wanda ya ci bashin yana can yana yawo a kan babur, waɗanda suka ba da bashin ba wanda ya san ƙofar ofishinsu, mai maraƙi tana tare da maraƙinta. A cikinsu duka, wadda ba ta taɓa ko shilin ɗaya ba ita ce ta fito ta ƙofar makaranta da rigar aikinta a leda.

Ta tarar da Makokha a gida, ya riga ta dawowa. Har ya yanka kazar tsohuwa ya fige, yana fito.

"An karɓe," ta ce.

"Kash. Madam ɗin nan ba ta da imani." Sai ya matso da wayarsa, fuskarsa a sake. "Amma kwantar da hankalinki, Maman Nafula, na samo mana mafita. Na sa an buɗe mini jerin nan na tsohonki Onyancha. Kin san kamfanoni nawa na gano ba sa ciki? Bakwai! Kowanne zai ba da dubu uku, dubu huɗu. Kuɗin banza ne, ba mai kai mu kotu. Mu karɓa ki ja jari, ki fara sayar da githerinki a bakin titi. Kawo layin da katin."

Ta tsaya tana kallonsa, ta kasa gaskata kunnenta.

"Da sunana?"

"To da na wa? Ai naki ya riga ya ɓaci. Me kuma ya rage da za a ɓata?"

Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ciwo. Lissafi kawai ya yi, yadda yake lissafa man babur. Ta ajiye ledar a kan gado. Ta ɗauki katin shaidarta daga ƙarƙashin katifa ta cusa a rigarta, ta nufi ƙofa.

"Ina za ki? Ga kaza na jiran ki!"

Ba ta waiwaya ba. Maman Kevo na bakin famfo, ta buɗe baki za ta yi magana, da ta ga fuskarta sai ta rufe.

A caji ofis ta samu wani kofur mai tumbi a bayan kanta, babban littafin rahoto a buɗe a gabansa, yana shan shayi. Ta faɗa masa abin da ya faru daga farko har ƙarshe.

"Wa kike zargi?"

"Ba zargi nake ba. Peter Makokha ne. Mijina."

Ya ajiye alƙalamin da ya ɗauka, ya yi 'yar dariya. "Haba Mama. Mijinki? Wannan ai maganar cikin gida ce. Ku je ku zauna da manya ku sasanta."

"Mun zauna da manya jiya."

"To ki koma ki huce. Gobe da kanki za ki zo kina roƙon a goge, mun saba gani. Kada ki ɓata mana littafi."

Naliaka ta juya ta dubi dogon bencin da ke jikin bango. Ta je ta zauna a kai, ta cire takalmanta ta jera su a gefe, ta ɗora hannuwa a cinya.

"Mama, me ke nan?"

"Jira nake ka gama shayinka," ta ce. "Da ina da wurin aiki da zan yi sauri. Yau aka kore ni. Gobe ba inda za ni, jibi ma haka. Ina nan har ka rubuta."

Kofur ya dube ta, ya dubi mutanen da suka fara taruwa a gaban kantar suna saurare. Ya ture kofin shayin gefe, ya jawo littafin gabansa.

"Faɗi sunan nasa kuma," ya ce. "A hankali."